Waiwaye: Asalin Muhawarar Gicciye da Fansar Zunubi, da Yadda Ta Iso Wa Hausawan Sudan

A majalisun Hausawa na Gadarif, Kassala, Sinnar da Mai Wurno, idan aka taɓo zancen addinin Kirista, tambayar da ke fara fitowa kusan kullum guda ɗaya ce: ta yaya Allah Mai adalci zai kama wanda bai yi laifi ba domin ya saki wanda ya yi? Matasa suna jin tambayar a gajerun bidiyoyin muƙabala da ke yawo a WhatsApp da Facebook, dattawa kuwa sun ji ta tun zamanin kaset. Abin da ba a cika sani ba shi ne, malaman Kirista da kansu sun shafe ƙarnuka suna kai ruwa rana a kanta, har ikkilisiyoyi suka rarrabu, kuma amsar da aka fi ji a bakin masu wa'azin talabijin ɗaya ce tak daga cikin amsoshi da dama da tarihi ya ajiye.

Tushen zancen yana cikin Tsohon Alkawari. Sura ta 16 ta Littafin Firistoci ta bayyana Ranar Kafara, inda babban firist yake yanka bunsuru ɗaya saboda zunubin jama'a, ya ɗora hannu a kan na biyu ya furta laifofinsu, sannan a kora shi jeji. Sura ta 17 kuma ta ce ran halitta yana cikin jininta, da jinin ne ake yin kafara. Sura ta 53 ta littafin Ishaya ta yi maganar wani bawan Ubangiji da aka raunata saboda laifofin wasu. Kiristoci sun ce Almasihu ake nufi, yawancin malaman Yahudawa kuwa sun ce al'ummar Isra'ila ce, kuma wannan saɓanin tafsiri yana nan har gobe. A Sabon Alkawari, Bisharar Markus ta ruwaito Yesu yana cewa ya zo ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa, Bulus kuma ya rubuta wa mutanen Korinti cewa Almasihu ya mutu domin zunubansu. Duk wani Kirista ya yarda da waɗannan nassoshi. Inda aka rabu shi ne a kan abin da nassoshin ba su fayyace ba: wa aka biya fansar, kuma ta wace hanya mutuwar mutum ɗaya take wanke wasu?

Amsar da ta fi yaɗuwa a ƙarnonin farko za ta ba mai karatu na yau mamaki. Orijin, malamin Iskandariya da ya rasu a tsakiyar ƙarni na 3, ya ce Shaiɗan aka biya, tun da shi ne yake riƙe da 'yan Adam kamar bayin da ya kamo. Wasu sun ƙara da cewa dabara aka yi masa, ya kama wanda ba shi da iko a kansa, sai ya rasa har waɗanda ke hannunsa. Girigori na Naziyanzus ya ƙi wannan magana, yana ganin abin kunya ne a ce an biya ɗan fashi lada. Atanasiyus, babban limamin Iskandariya da ya rasu a 373, ya bi wata hanya dabam, inda ya ɗauki zunubi a matsayin cuta da ta shigar da mutuwa da ruɓewa cikin ɗabi'ar ɗan Adam, ya ce zuwan Almasihu da mutuwarsa da tashinsa magani ne da ya karya ikon mutuwa. A wannan fahimta ba a cika jaddada batun kotu da hukunci ba, an fi maganar warkarwa da nasara.

Wannan nau'in Kiristanci ne ya biyo kogin Nilu zuwa ƙasar da muke zaune a cikinta. Wajen shekarar 543 wani limami mai suna Yuliyan ya isa masarautar Nobatiya, a 580 kuma Lonjinus ya kai addinin har Alwa, wadda babban birninta Soba yake dab da Khartum ta yau. Masarautun Nuba sun riƙe Kiristanci ƙarnuka masu yawa suna ƙarƙashin kujerar Iskandariya, sun ƙulla yarjejeniyar Baƙt da Musulmin Masar a 652, kuma sai a 1317 aka mayar da wani babban gini na fadar Dongola masallaci. Zanen bangon majami'ar Faras, wanda masana daga Poland suka tono a farkon shekarun 1960 kafin ruwan madatsar Aswan ya rufe wurin, shaida ce ta wannan tarihi. Kibɗawan Omdurman da Wad Madani, wato Kiristoci 'yan asalin Masar, da Habashawa da mutanen Eritiriya mabiya Orthodox da Bahaushe yake cinikin ridi da dawa da su a kasuwar Gadarif, duk magadan wannan makaranta ta Iskandariya ne.

A yammacin duniyar Kirista al'amarin ya ɗauki wani salo. Agustin, wanda shi ma ɗan Afirka ne daga ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya dage cewa kowane ɗan Adam yana gadon laifin Adamu, yana kafa hujja da sura ta 5 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa. Pelajiyus ya ce ba haka ba ne, jariri yana zuwa duniya ba shi da laifi kuma mutum yana da ikon zaɓar alheri, amma taron limamai na Kartaj na 418 ya yi watsi da ra'ayinsa. Daga nan zunubin gado ya zama ginshiƙi a yamma. A 1098 Ansalam, babban limamin Kantabari a Ingila, ya kammala littafin da ya kawar da Shaiɗan daga lissafi gaba ɗaya, inda ya ce zunubi keta alfarmar Allah ne, bashi ne da ya wajaba a kan mutum amma ya fi ƙarfinsa, don haka sai wanda yake Allah kuma mutum ne zai iya biyansa. Abelar, wanda ya rasu a 1142, ya ga rashin tausayi a cikin neman jinin marar laifi, ya fi jaddada cewa gicciye nuni ne na ƙaunar Allah da ke tausasa zuciyar mai zunubi ya komo. Bayan tawayen da Luta ya yi wa cocin Katolika a 1517, Kalbin da almajiransa suka ƙara kaifin maganar Ansalam, suka ce ainihin hukuncin da ya cancanci masu zunubi ne aka sauke a kan Almasihu a madadinsu.

Suka mafi ƙarfi da aka yi wa wannan ra'ayi daga cikin Turai ya fito ne daga Sosinus, ɗan Italiya da ya zauna a Poland, wanda aka buga littafinsa a 1594. Ya ce idan an biya bashi cif-cif to ba a yafe shi ba, idan kuma an yafe to ba a buƙatar biya, sannan bashin kuɗi yana iya komawa kan wani, amma hukuncin laifi ba ya komawa. Duk wanda ya karanta fiƙihu zai gane wannan rarrabewa nan take, domin diyyar kisan kuskure tana hawa kan dangin wanda ya yi, alhali ƙisasi ba ya tsallake mai laifi ya faɗa kan ɗan'uwansa. Masu kare Kalbin sun amsa cewa misalin bai dace ba, tun da a aƙidarsu ba wani na uku aka kamo aka tilasta ba, alƙalin ne da kansa ya ɗauki hukuncin bisa yardarsa. Wannan amsa tana tsayawa ne kaɗai idan an riga an yarda da allantakar Almasihu, shi ya sa duk muhawarar fansa takan koma muhawarar Triniti, wato aƙidar Allah ɗaya cikin uku, ko an so ko ba a so ba.

Ta ɓangaren Musulunci, zancen ya fara tun a Madina, lokacin da tawagar Kiristocin Najran ta zo wurin Manzon Allah (SAW) aka tattauna matsayin Annabi Isa (AS), abin da malaman tafsiri suka danganta da ayoyin farkon Suratu Ali Imrana. Aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta kore kisa da gicciyewa, Suratul Baƙara ta ce Adamu ya tuba an karɓi tubarsa, kuma Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa babu rai da ke ɗaukar nauyin wani. Masu muƙabala sukan haɗa wannan da sura ta 18 ta Ezekiyel, wadda ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Kiristoci su kuma sukan kawo ragon da aka fanshi ɗan Annabi Ibrahim da shi, wanda muke tunawa kowace layya, sai a mayar musu da ayar Suratul Hajji da ta ce nama da jini ba sa isa ga Allah, taƙawa ce ke isa. An yi irin wannan musayar a Bagadaza wajen 781 tsakanin Halifa Mahdi da Timoti, shugaban Kiristocin gabas, cikin girmama juna. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tsananta zargin cewa an jirkita nassin littattafan kansu, ba ma'anarsu kaɗai ba. Ibn Taimiyya kuwa, a raddinsa mai suna Al-Jawabus Sahih, ya soki labarin yi wa Iblis dabara, domin shi ne bayanin da ya samu a wurin Kiristocin gabas na zamaninsa. Ya mayar da martani ne ga abin da abokan muhawararsa suke faɗa da gaske, kuma wannan tarbiyya ce da ta yi ƙaranci a yau.

Salon muƙabalar da muka sani yanzu an haife shi a Indiya. A watan Afrilun 1854, a birnin Agra, Shaihu Rahmatullahi Kairanawi ya kara da ɗan mishan Bajamushe Karl Pfander, kuma da taimakon wani likita mai suna Wazir Khan ya yi amfani da binciken malaman Turai kan saɓanin tsoffin kwafe-kwafen Linjila. Bayan boren da aka yi wa Turawan Ingila a Indiya a 1857 Shaihun ya yi hijira zuwa Makka, ya wallafa Izharul Haƙƙ a 1864, daga baya ya kafa makarantar Saulatiyya. Tun daga lokacin muhawara ta karkata daga ma'anar gicciye zuwa ingancin nassi. Masanan Kirista da yawa sun yarda cewa ƙarshen Bisharar Markus da labarin matar da aka kama da zina a Bisharar Yahaya ba sa cikin mafi tsufan kwafe-kwafe, amma suna cewa labarin gicciye yana cikin Bisharu huɗu duka, kuma yana cikin kundaye irin na Sina'i da aka rubuta a ƙarni na 4.

A daidai lokacin da kakanninmu suke barin ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suna bin Muhammadu Bello Mai Wurno zuwa gabas, 'yan mishan suna shiga ta baya. Ƙungiyar SIM da aka fara a 1893 da SUM ta 1904 duk suna ɗauke da sunan Sudan, amma faɗin ƙasar baƙar fata ta kudu da Sahara suke nufi, kuma a Najeriya suka fara aiki kafin su iso tsaunukan Nuba da yankunan kudu. Sun zo da bishara irin ta Furotestan masu wa'azi, wadda zuciyarta ita ce Almasihu ya ɗauki hukunci a madadin mai zunubi, kuma ita ce ta mamaye wa'azin Hausa bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932, aikin da Likita Miller na Zariya ya taka rawa sosai a cikinsa. Hausawan Sudan ba su gamu da wannan kai tsaye ba, saboda Turawan Ingila sun hana wa'azin mishan a tsakanin Musulmin arewacin Sudan, kuma karatunmu a nan ya fi karkata ga Larabci, don haka wanda ya taɓa buɗe littafin yakan buɗe fassarar Larabci ta Van Dyck ta 1865 ne.

Muhawarar ta shigo gidajenmu sosai a shekarun 1980. A ƙarshen 1980 an yi zaman muƙabala na kwanaki a Khartum tsakanin malaman Musulunci da limaman Kirista, wanda aka buga shi littafi a Saudiyya, sannan a 1986 Ahmad Deedat na Afirka ta Kudu ya kara da fasto Jimmy Swaggart a Amurka, a shekarar da aka ba Deedat lambar yabo ta Sarki Faisal. Kaset ɗin wannan karawa, da aka fassara zuwa Larabci, ya bi alhazai da 'yan ci-rani daga Jidda zuwa Port Sudan, ɗaliban Najeriya da Nijar na Jami'ar Afirka ta Khartum kuma suka zama gada tsakanin wannan salo da masu wa'azi da Hausa. A ganina nan ne aka samu giɓi, domin wanda ya haddace amsoshin Deedat ya shirya ne domin fasto ɗan Amurka, alhali maƙwabcinsa Bakibɗe ko Bahabashe ne da zai fara da maganar mutuwa da warkarwa. Haka shi ma mai bishara da ya ɗauka Musulmi yana neman sayen aljanna da ayyukansa bai san hadisin da ya ce babu wanda aikinsa zai shigar da shi aljanna sai da rahamar Allah ba. Ainihin saɓanin yana kan mene ne zunubi: tuntuɓe ne da tuba ke gogewa kai tsaye, ko kuwa lalacewa ce a cikin ɗabi'a da tuba kaɗai ba ta iya gyarawa.

Doka ma ta yi tasiri kan yadda ake wannan zance. Sashe na 126 na dokar laifuka ta 1991 ya tanadi kisa ga wanda ya yi ridda, a ƙarƙashinsa aka yanke wa Maryam Ibrahim hukunci a 2014 kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi, kuma a Yulin 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke hukuncin ridda. Ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 ta riga ta rage yawan Kiristocin arewa ƙwarai, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya tarwatsa jama'ar majami'u da masallatai na Khartum da Jazira baki ɗaya. Yawancin muƙabalar da matashin Mai Wurno yake saurara yanzu a Kano, Kaduna ko Jos aka naɗe ta, tsakanin malami da fasto da suka taso cikin rikicin addini irin na arewacin Najeriya, suna jayayya a kan fahimtar Kalbin ta ƙarni na 16.