Tsumburewa: mece ce ita, me ya sa take bin mutum har girma?

Idan ma'aikatan lafiya suka ce yaro ya tsumbure, suna nufin tsayinsa ya gaza sosai a kan abin da ya dace da shekarunsa, bisa ma'aunin girma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006. A kwance ake auna shi kan allo idan bai kai shekara 2 ba, a tsaye idan ya wuce. Daban take da ramar tamowa mai tsanani, wadda ake ganewa idan awon damtse da tef mai launuka ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5. Tsumburarren yaro yana iya zama da kumatunsa yana ta wasa, shi ya sa a gida sai a ce ai gajarta gado ce. Sau da yawa ba gado ba ne.

Yawancin ɓarnar cikin kwana 1,000 na farko take, daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara 2: uwa ba ta ƙoshi ga ƙarancin jini, a ɗura wa jariri ruwa kafin wata 6, daga baya a bar shi da koko tsararo, babu gyaɗa, wake, ƙwai ko kifi. Sai gudawa a kai a kai, wadda ke hana hanji tsotse ɗan abin da ya shiga. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 a tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Abin ya isa ya hana mu barci.

Ba tsayin ne babban abin damuwa ba. A daidai waɗannan kwana 1,000 na farko ƙwaƙwalwa ke ginuwa, don haka irin waɗannan yara sukan makara shiga makaranta, karatu ya yi musu nauyi. Wanda ya tsumbure sannan ya yi ƙiba daga baya ya fi fuskantar hawan jini da ciwon suga. Yarinya kuma takan tashi da ƙaramin ƙugu, ga haɗarin doguwar naƙuda, ga haihuwar ɗan ƙaramin jariri, sai abin ya koma kan jikoki. 'Ya'yan matan da suka yi karatu sun fi tsira daga tsumburewa.

Bayan shekara 2 tsayin da aka rasa da wuya ya dawo, amma ba a yanke ƙauna. A Jamaika, cikin shekarun 1980, an riƙa ziyartar iyayen tsumburarrun yara mako-mako ana koya musu wasa da hira da 'ya'yansu. Bayan shekara 20, abin da yaran ke samu a wurin aiki ya ɗara na takwarorinsu da ba a yi wa hakan ba da kusan kashi 25.