Ɗaukar hoton motocin tseren hamada

Ɗaukar hoton motocin tseren hamada wani reshe ne na hoton wasanni, wanda ya shafi motoci da baburan da ke gasa a jeji inda babu kwalta, sai rairayi da duwatsu da busassun ƙoramu. Sana'ar ta taso ne tare da manyan gasannin: Baja 1000 da aka fara a Meziko a 1967, Mint 400 a jihar Nebada ta Amurka tun 1968, sai Dakar da ta tashi daga Faris a ƙarshen Disamban 1978, ta sha ratsa Agadas da hamadar Tenere, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun 2020. Abin da ya raba ta da hoton tseren da ake yi a filin zagaye shi ne, a mafi yawan gasannin hamada, mota sau ɗaya take wucewa ta gaban mai hoto. In ya kuskure ta, ta tafi ke nan.

Wurin tsayawa

Rabin aikin ana gama shi ne kafin ranar gasa. Masu hoto kan bi hanyar da taswirar GPS, inda dokar gasar ta yarda, suna neman tudun da mota za ta tashi sama, ko kwana mai yashi, ko dogon layin gargada inda tayoyi ke aiki. Sukan lura da inda rana za ta kasance a lokacin da motocin farko za su iso, da kuma inda iska ke kaɗawa. Wanda ya tsaya ta ɓangaren da iska ke kai ƙura, motar farko kawai zai samu, sauran duk a cikin hazo za su wuce shi.

A kwana, ana tsayawa ne ta ciki, kuma a kan tudu in da hali. Motar da ta ƙwace wa direba waje take yi, can kuma tayoyin baya ke watsa tsakuwa. Ba a tsayawa inda mota ke dira bayan tsalle, ba a kuma tsallaka hanya don an ga guda ta wuce, domin wata na iya kasancewa a cikin ƙurarta, direban ba ya ganin komai. Manyan motocin da ake kira Trophy Truck kan wuce kilomita 200 a awa a miƙaƙƙen wuri.

Saitin kyamara

Lissafin mai sauƙi ne. Motar da ke gudun kilomita 160 a awa tana cin kusan mita 44 a daƙiƙa guda. In kyamara ta ƙifta a 1/1000 na daƙiƙa, motar ta matsa kimanin santimita 4, a 1/2000 kuma santimita 2. Shi ya sa ake zaɓar tsakanin waɗannan biyun don tsalle da watsuwar yashi. Sai dai irin wannan sauri yana daskarar da tayoyi, har motar ta fito kamar an ajiye ta ne a jeji. Maganinsa shi ne a rage zuwa 1/250, ko a bi motar da kyamara daga gefe a 1/60 zuwa 1/125, ana juya jiki daga ƙugu, ana ci gaba da juyawa har bayan an danna. Da yawa daga irin waɗannan hotuna kan lalace, amma wanda ya yi kyau ya fi sauran nuna gudu.

Gilashin kyamara mai jawo nesa kusa na 70–200mm shi ne na yau da kullum, sai 100–400mm ga wanda ke son tazara mai lafiya. Ana barin ƙofar haske tsakanin f/5.6 da f/8. Hasken yashi yana ruɗar ma'aunin kyamara, ta ɗauka hasken ya yi yawa, ta duhunta motar, don haka ake ƙara hasken da kusan mataki ɗaya, ko a saita komai da hannu. Ƙura kuma tana janye fokas daga jikin mota, sai a sa kyamara a tsarin bin abu mai motsi, a ɗora ɗigon fokas a kan lamba ko fitilun gaba.

Da tsakar rana dogon gilashi ba ya da amfani sosai. Zafin da ke tashi daga ƙasa yana kaɗa iska, kawalwalniya ta narkar da gefen motar, kuma babu saitin da ke gyara wannan sai matsowa kusa ko hawa tudu.

Ƙura

Ƙura ce ke ba wa hoton kyau, ita ce kuma ke kashe kayan aiki. Da sassafe ko dab da faɗuwar rana, in rana tana bayan mota, ƙurar kan yi ja ta zana siffar motar. Akwai wata iri mai laushi kamar gari, wadda 'yan Dakar ke kira fesh-fesh, tana ɓoye ramuka, kuma in mota ta faɗa cikinta sai ta tashi ta rufe motar ɗungurungum. Tana shiga duk wata kafa ta kyamara.

Saboda haka ba a canza gilashi a fili. Ƙwararru kan riƙe kyamara biyu, kowacce da gilashinta, a lulluɓe da rigar ruwan sama ko leda da aka ɗaure da salatif. Ana sa farin gilashin kariya a gaba, gara tsakuwa ta fasa shi da ta fasa na ciki. Wajen gogewa ana fara hurawa da robar iska, domin in aka sa tsumma kai tsaye ƙwayar yashin ce za ta karce gilashin. Ƙurar da ta kai ga sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, tana fitowa a matsayin ɗige-ɗige a sararin sama, musamman in an tsuke ƙofar haske zuwa f/16, wanda sau da yawa nan ake komawa in an rage saurin ƙiftawa da rana.

Hotunan da ake ganin taya ta kusa taka mai kallo, galibi ba mutum ne a wurin ba. Kyamara ce mai faɗin gilashi aka ajiye a bakin hanya, an ɗaure fokas ɗinta da salatif, ana danna ta daga nesa da rimot na rediyo. A gasannin da ake kwana ana gudu, irin Baja 1000, ba a haska filasha a fuskar direba. Fitilun motar da ke tafe a baya sukan haska ƙurar ta gaba, da wannan hasken ake aiki.