Gaurayen Kiɗan Rege, Hip-hop da Sol

Gaurayen rege, hip-hop da sol salon kiɗa ne da ake haɗa nauyin bas ɗin rege, da zubin gambarar zamani, wato hip-hop, da rerawa mai taushi irin ta sol a waƙa guda. Ya shahara a shekarun 1990, kuma an san shi da jawo masu sauraro daga ɓangarorin da ba su saba zama inuwa ɗaya ba.

Asali

Salon uku dangin juna ne, shi ya sa haɗinsu bai yi bambaraƙwai ba. Sol ya tsiro ne daga waƙoƙin cocin baƙaƙen fatar Amurka a shekarun 1950, kamfanin Motown da Berry Gordy ya kafa a Detroit a 1959 ya kai shi ko'ina. Mawaƙan Jamaika sun sha daga wannan rijiya, suka bi ta salon kiɗansu na ska da rocksteady har rege ya tsaya da ƙafarsa wajen 1968. Shi kuwa hip-hop, ana danganta farkonsa da wani biki da DJ Kool Herc ya yi kiɗa a unguwar Bronx ta New York a watan Agustan 1973. Herc haifaffen Kingston ne, daga can ya zo da al'adar jibga manyan lasifikoki da yin magana a kan kiɗa.

Ƙungiyar Fugees ce ta nuna cewa haɗin zai ci kasuwa, da kundinta The Score na 1996. Lauryn Hill, ɗaya daga cikinsu, ta fitar da nata a 1998, ta lashe kyautar Grammy biyar a shekarar da ta biyo. A 2010 mai gambara Nas da mawaƙin rege Damian Marley, ɗan Bob Marley, suka yi kundi tare mai suna Distant Relatives.

Sirrin karɓuwarsa

Kowane sashe da aikinsa. Rege yana tafiya a hankali, yana dira ganga a bugu na uku, jita na sara a tsakanin bugu. Wannan yakan bar fili. A filin ne mai gambara yake zuba magana, ta talauci ko zalunci ko soyayya. Da an kai amshi sai muryar sol ta karɓa, kuma ita ce takan zauna a bakin wanda ko kalma ɗaya ta baitin bai kama ba. Dattijon da yake ganin gambara hayaniya ce yakan jure saboda amshin, matashin da rege ke sa shi gyangyaɗi kuma yana jiran baiti.

A Bauchi

Rege ya shiga garin ta kaset-kaset ɗin Bob Marley da Lucky Dube da Majek Fashek. Maƙwabtaka da Jos ma ta yi tasiri: can aka haifi mawaƙi 2Baba a 1975, can kuma masu gambara M.I da Jesse Jagz suka tashi. Jihar Bauchi ma ta fitar da nata masu gambara, irin su ClassiQ da B.O.C Madaki, waɗanda ke cakuɗa Hausa da Turanci.

Kunnen Bahaushe bai ɗauki tsarin a matsayin baƙo ba. Jagora ya ja baiti 'yan amshi su karɓa, haka Mamman Shata ya yi har rasuwarsa a 1999, kuma mai magana a kan kiɗa ba shi da nisa da sanƙira mai kirari gaban makaɗa. Sai dai ba kowa ke maraba ba. Wasu iyaye na ƙyamar gashin dada da wandon da ke zamewa, ko da waƙar wa'azi take yi.

A unguwannin ɗalibai kamar Yelwa da Gwallameji akan ji salon, a shagon aski ko cikin Keke Napep. A Kasuwar Wunti kuma, mai tura waƙa a waya yakan loda wa mutum irin waɗannan waƙoƙi a memori ɗaya da waƙoƙin Kannywood da na bege.