Ninkayar karɓa-karɓa ta maza: tambayoyi da amsoshi

Yaya ake yin wannan gasa?

Kowace ƙasa tana fito da maza huɗu. Na farko zai faɗa ruwa ya yi mita 100, wato zuwa da dawowa a tafkin gasa mai tsawon mita 50, yana taɓa bango sai na biyu ya tsunduma, haka har a kai ga na huɗu. Akwai kuma wadda kowa ke yin mita 200. Babu sandar da ake miƙawa kamar a tseren gudu, taɓa bangon nan shi ne miƙa ragama. Doka ta bar wa kowa salon da ya ga dama, amma duk rub-da-ciki suke yi suna wurga hannuwa bi da bi, domin babu salon da ya kai shi sauri. Ta mita 200 tana cikin Olamfik tun 1908, ta mita 100 kuwa sai a Tokiyo a 1964.

Ashe ba ƙasar da ta tara mafiya sauri huɗu ce ke ci ba?

Ba kullum ba, kuma a nan daɗin gasar yake. Sau uku ake canji, kowane canji kuwa yana iya ɗaga ƙungiya ko ya kayar da ita. Doka ta ce ƙafar mai shiga ba za ta bar dandamali ba sai abokinsa ya taɓa bango. Amma ba a hana shi fara motsi ba. Tun abokin na tafe zai karkata jiki ya lilo da hannuwa, ya auna lokacin da yatsun wancan za su sauka a bango. Wanda ya iya wannan yakan rage kusan rabin daƙiƙa. Wanda ya yi gaggawa kuwa, na'urar da ke jikin bango da ta dandamali za su tona shi, a soke ƙungiyar baki ɗaya ko da ita ta zo ta ɗaya.

Saboda wannan rangwamen ne ba a lissafa lokacin mutum na biyu zuwa na huɗu a matsayin tarihin kansa. Na farko kaɗai, wanda ya tashi da ƙarar farawa, shi ke iya kafa tarihin duniya na mutum ɗaya.

Me ya sa ake yawan maganar ta mita 100 a Olamfik ɗin Beijin na 2008?

Domin a ganina ba a taɓa yin tsere irinsa ba. Michael Phelps ya je neman zinare takwas, na wannan tseren kuma ba a hannunsa kaɗai yake ba. Shi ya fara wa Amurka, sai Garrett Weber-Gale, sai Cullen Jones. Lokacin da Jason Lezak, mai shekara 32, ya faɗa ruwa, Alain Bernard na Faransa ya riga ya ba shi rata fiye da rabin daƙiƙa, Bernard kuwa shi ya zo gasar da tarihin duniya na mita 100. Lezak ya matsa kusa da igiyar da ta raba layinsu, ya bi igiyar ruwan da jikin Bernard ke tayarwa, sai a mitocin ƙarshe ya cim masa. Ya yi nasa zangon cikin daƙiƙa 46.06. Amurka ta gama a minti 3 da daƙiƙa 8.24, sabon tarihin duniya, Faransa a minti 3 da daƙiƙa 8.32. Ƙiftawar ido ma ta fi wannan tazara tsawo.

A tseren nan dai Eamon Sullivan, da ya fara wa Ostareliya, ya karya tarihin mita 100 da daƙiƙa 47.24.

Amurka ce kaɗai ke cin ta ke nan?

Ta daɗe tana cin karenta babu babbaka, tun daga 1964 har 1996 ba a taɓa doke ta a ta mita 100 a Olamfik ba. Ostareliya ce ta karya lagon a Sidni a 2000, inda Ian Thorpe, yaro ɗan shekara 17, ya wuce Gary Hall a ƙarshe. A 2004 Afirka ta Kudu ta ba duniya mamaki: Roland Schoeman da Lyndon Ferns da Darian Townsend da Ryk Neethling suka ɗauki zinare tare da sabon tarihin duniya. Faransa ta rama a Landan a 2012, da Yannick Agnel ya kamo Ryan Lochte na Amurka. Daga 2016 zuwa 2024 zinaren ya koma Amurka. A ta mita 200 kuwa Birtaniya ce ta ci sau biyu a jere, a Tokiyo a 2021 da Paris a 2024, da mutum huɗun nan dai ba canji.

Wanda ya yi zagayen share fage bai yi na ƙarshe ba, yana samun lamba?

Yana samu. Manyan ƙasashe sukan hutar da gwanayensu a zagayen share fage, waɗanda suka kai ƙungiyar zagayen ƙarshe kuma ana ba su lambarsu.

Me ya hana a karya tarihin 2008 a Olamfik ɗin da suka biyo baya?

Kaya na daga cikin dalilai. A 2008 da 2009 'yan ninkaya suna sa wata riga mai roba a jikinta, tana matse jiki tana kuma ɗaga shi saman ruwa. Hukumar ninkaya ta duniya ta haramta ta daga farkon 2010, ta taƙaita wa maza wando daga ƙugu zuwa gwiwa. Sai kuma zangon Lezak, wanda samun irinsa sai an tona. A Paris a 2024, da Caeleb Dressel a ƙarshe, Amurka ta ci zinare a minti 3 da daƙiƙa 9.28, fiye da daƙiƙa guda ke nan bayan lokacin Beijin.