Ƙauna da Sadaka a Koyarwar Kirista

A addinin Kirista, taimakon mabukaci reshe ne na umarnin ƙauna. Da aka tambayi Yesu Almasihu umarnin da ya fi girma (Matiyu 22:34-40), sai ya haɗa biyu daga Attaura: ƙaunar Allah da dukan zuciya, da ƙaunar maƙwabci kamar yadda mutum yake ƙaunar kansa. Kalmar Helenanci da Sabon Alkawari ya fi amfani da ita ita ce agape, wato ƙaunar da ke neman alherin wani ko da ba zai rama ba. Har maƙiyi ma yana ciki (Matiyu 5:44).

Misalin Basamariye mai kirki da Yesu ya bayar (Luka 10:25-37) shi ne ya fayyace wane ne maƙwabci. 'Yan fashi sun yi wa wani mutum jina-jina a hanyar Urushalima zuwa Yariko. Firist ya wuce shi, Balawi (mai hidima a Haikalin Yahudawa) ya wuce shi, sai Basamariye ya tsaya, alhali Yahudawa da Samariyawa ba sa ga maciji da juna. Abin lura shi ne yadda labarin ya bi aikinsa daki-daki: ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗaure su, ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya kai shi masauki ya yi jinyarsa. Kashegari ya ba mai masaukin dinari 2, ya kuma ɗauki alkawarin biyan duk abin da ya ƙaru. Dinari ɗaya ladan yini guda ne na ɗan ƙodago a lokacin.

Matiyu 25:31-46 ya ambaci ayyuka shida: ciyar da mai yunwa, shayar da mai ƙishirwa, saukar baƙo, suturta marar tufa, duba marar lafiya, da ziyartar ɗan kurkuku. Yesu ya ce wanda ya yi wa mafi ƙanƙantar 'yan'uwansa haka, shi ya yi wa. Al'adar Katolika ta ƙara binne mamaci, suka zama bakwai.

Bayarwa tana da tsari. Manzo Bulus ya umarci ikilisiyar Koranti kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, don kada a shiga tara kuɗi a gurguje in ya iso. Ya kuma nemi a zaɓi amintattun da za su raka gudummawar zuwa ga mabukatan masu bi a Urushalima, domin kada a zargi kowa. Sabon Alkawari bai yanka wa sadaka adadi ba. Ana auna ta da ƙarfin mai bayarwa. Shi ya sa aka ce gwauruwar (matar da mijinta ya mutu) da ta saka anini biyu a baitulmalin Haikali ta fi attajirai bayarwa, don ta ba da duk abin da take da shi (Markus 12:41-44).

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye inda aikin kan lalace ba. Riya ita ce babba, maganinta kuwa bayarwa a asirce, har hannun hagu bai san abin da na dama ya yi ba. Akwai ƙarya, kamar ta Hananiya da Safiratu da suka sayar da gonarsu, suka ɓoye wani kashi na kuɗin, suka kawo wa manzanni sauran suka ce duka ke nan. Akwai wariya: a Ayyukan Manzanni 6, an riƙa tsallake gwauraye mata masu jin Helenanci a rabon abinci, sai aka naɗa mutum bakwai, ciki har da Istifanas, su kula da rabon. Bulus ya kuma tsawata wa masu ƙin aiki suna dogara da ikilisiya, ya ɗora wa dangi nauyin gwaurayensu da farko (1 Timoti 5).

Ɗariƙu sun bambanta kan matsayin sadaka wajen ceto. Furotesta, bin sawun Martin Luther, suna cewa ceto ta bangaskiya ne kaɗai, ayyukan kirki kuwa 'ya'yanta ne. Katolika da Otodoks suna ƙarfafa bangaskiya mai aiki ta wurin ƙauna. Dukansu suna karanta Yakubu 2:15-17, wanda ya yi tir da mai sallamar ɗan'uwa mai yunwa da fatan alheri kawai ba tare da ya ba shi abinci ko tufa ba.