Mi ake nufi in bakanike ya ce "iska ta shige ta"?

Ka tada mota da sassafe, ka ɗan taka totur ko ka sha kwana, sai ka ji wani ƙululu-ƙululu daga bayan dashbod, wajen kujerar mai zaman banza, kamar ana tsiyaya ruwa daga buta. Ka kai ta gareji bakanike ya saurara ya ce maka "Alhaji iska ce ta shige ta, sai an yi bilidin". To wace iska, kuma ina ta shiga?

Ruwan da ke sanyaya inji zagayawa yake a rufe. Wata fam ke tura shi, ya ratsa inji ya kwaso zafi, ya tafi lagireto fanka ta huce shi, ya dawo. Amma akwai wani ɗan ƙaramin lagireto da aka ɓoye bayan dashbod, shi ne na hita, hos biyu ne ke kai mai ruwa su dawo da shi. In komai lafiya lau hanyar nan cike take da ruwa taf, ba ka jin motsin komai. Da zarar ruwa ya ragu ko an buɗe hanyar iska ta samu wuri, to ita iska sama take hawa, kuma a motoci da yawa wanga ɗan lagireton yana cikin wuraren da suka fi tudu, sai ta je can ta maƙale. Ƙugin da kake ji ruwa ne ke kokawar wuce ta.

Abin da ke damuna mu nan Sakkwato ba mu ɗauki hita bakin komai ba. Garin da watan Afrilu zafi ke haura digiri 40, wa zai kunna hita? Sai dai ɗan lokacin hunturu, Disamba zuwa Janairu, direban da ya yi sammakon Illela ko Gusau ya murɗa ta ya ji iska mai sanyi ce ke fitowa, ya ce ai dama ta mutu, ya ci gaba da tafiyarsa. Alhali ruwan da bai kai ga hita ba shi ne dai ruwan da injinka ya dogara da shi. Inda iska ta tare a kan inji wurin ba ya samun sanyi, kuma in ta zauna daidai kan sensa, wato abin da ke auna zafin ruwan, allurar tamfareca ma tana iya yi maka ƙarya, ta hau ta sauka ko ta nuna lafiya alhali ƙarfe na gasuwa. Ƙarshenta obahitin, wato inji ya yi zafi ya wuce kima, a tsakiyar hanya.

Mafi yawa iskar na shiga ne bayan an yi aiki, an canza hos ko wata fam ko an wanke lagireto, yaron gareji ya ɗura ruwa ya rufe kawai. Ko kuma yoyo ne ƙarami da ba ka lura ba. Sai murfin lagireto, wanda mutane ke rainawa ƙwarai. Murfin nan riƙe matsi yake, galibi kusan 1 a ma'aunin matsi da ake kira "bar" (a samansa ake rubutawa, 0.9 ko 1.1), shi ya sa ruwan da zai tafasa a digiri 100 yake jurewa har wajen 120. Robarsa ta mutu, ruwa ya riƙa tsiyayewa in ya yi zafi, in ya huce ya zuƙo iska.

Bilidin ɗin ba wani tsafi ba ne. Sharaɗi na farko inji ya huce sarai, don Allah kada ka buɗe murfi da zafi, ruwan tsalle yake ya ƙona fuska da hannu. A ɗora gaban motar kan ɗan tudu, a buɗe murfi, a murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, a cika ruwa a hankali sannan a tada mota a bar ta tana silo. Za ka ga kumfa na ɓullowa, ruwa na sauka, ana ƙarawa, ana ɗan matsa babban hos na sama, hannu nesa da fanka da bel. A haka har tamostat, wato abin da ke buɗe ma ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, ya buɗe, hos ɗin ya ɗau zafi, fanka ta tashi, hita ta fara busa zafi sosai. Irin su Peugeot 406 suna da ƴan sukurori na fitar da iska, sai an sassauta su har ruwa zalla ya fito. Golf 3 kuma ba ta da murfi a jikin lagireto, ta robar da ake zuba ruwa a gefen inji ake yi. Washegari da safe a sake duba ruwa. Ni dai shawarata a sa kulant, wato ruwan lagireto na musamman da ake sayarwa, don ruwan rijiya da na burtsatse tsatsa da datti suke bari, su ne ke toshe ƴan siraran hanyoyin hita.

Wasu masu gyara yanke hukunci suke, su haɗe hos biyun nan su zagaye hitar gaba ɗaya. In ita ke yoyo, wato kana jin wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi cikin mota, gilashi na yin hazo mai maiƙo, kafet ya jiƙe, to na yarda a yi haka kafin a samu kuɗin canza ta. Amma in don a kashe ƙugin ne kawai, an toshe bakin mai faɗa maka gaskiya ne.

Wani lokaci ma ba ruwan inji ba ne, ruwan AC ne ya taru don ɗan bututun da yake ɗiga ƙasa ya toshe da ƙura, shi kacau-kacau yake in ka sha kwana kuma ruwan lagireto bai raguwa.

In an yi bilidin yau, bayan kwana biyu ƙugi ya dawo, ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, kumfa ba ta ƙarewa a bakin lagireto, hos ya yi tauri tun inji bai gama ɗumi ba, ko farin hayaƙi na fita ta salansa, ko ka buɗe murfin baƙin mai ka ga ya koma kamar shayi da madara, to wannan hayaƙin inji ne ke kutsawa cikin ruwa ta gaskit na kan inji, wato abin da ke liƙe tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Aje motar, a gwada gaskit ɗin kafin kan injin ya lanƙwashe.