Kwanan Watan da ke Gefen Kati: Waiwaye kan Wa'adin Magani

A kan wadirob ɗin mahaifiyata a Gwammaja akwai wani tsohon gwangwanin biskit da ya girme wasu daga cikin jikokinta. Duk maganin da aka sha aka rage, nan ne makwancinsa: rabin katin farasitamol, kafso uku masu ja da rawaya, kwalbar maganin tari da zaƙi ya daskare a bakin murfinta, da ɗigon ido wanda ba mai iya tuna idon wa aka saya wa. Ran nan na sauke shi ina tsincewa, sai ta leƙo ta ce, "Kai kuma me ya haɗa ka da kayana?" Na ce, "Umma, wannan fa ya yi esfaya tun bara." Ta karɓa ta jujjuya, ta ce, "To, ka ga ya yi tsutsa ne? Da kuɗi aka saya. Mayar min da abina."

Kanawa sun kasu biyu a kan wannan magana. Akwai irin Umma, masu ganin kwanan watan nan dabara ce kawai ta kamfani don a zubar a sake saye. Akwai kuma masu ganin da zarar ranar ta cika, ƙarfe goma sha biyun dare na bugawa, ƙwayar ta rikiɗe ta koma guba. Kowane ɓangare ya riƙo wani yanki na gaskiya ya saki sauran, kuma ba za a gane inda suka saki ba sai an koma asalin lambobin.

Abin bai daɗe ba kamar yadda ake zato. A Amurka, in ban da 'yan kaɗan irin su insulin da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, sai a 1979 hukumarsu ta abinci da magunguna, FDA, ta wajabta wa kamfanoni buga ranar ƙarewar wa'adi a jikin magani. Kafin nan, kwalba kan yi shekaru a kan kanta ba mai tambayarta. Masu maganin gargajiyarmu ma ba su taɓa rubuta rana a ƙullin sassaƙe ba, amma sun san wanda ya sha iska ya salance, kuma mai mutunci a cikinsu ba ya ba ka shi.

Yadda ake samo ranar shi ne jigon maganar. Kamfani kan ajiye samfurin maganinsa a cikin mazubinsa na asali, a ɗaki mai ƙayyadadden zafi da laima, yana ɗebowa lokaci-lokaci yana aunawa. Wani kason kuma a saka shi a matsi, zafin digiri 40 da laima kashi 75 na tsawon wata shida, don a hango yadda zai tsufa. Galibi abin da ake nema shi ne sinadarin da ke aikin ya ci gaba da kasancewa aƙalla kashi 90 cikin ɗari na abin da aka rubuta. Idan gwaji ya tabbatar da shekara biyu ko uku, sai a buga wannan. Ke nan ranar iyakar lamunin kamfani ce: har zuwa nan na tsaya maka, daga nan kuma ba ruwana. Kamfanin bai ce maganin ya mutu washegari ba. Bai kuma auna abin da ke faruwa a shekara ta shida ba, don ba ribar da zai ci in ya auna. A nan Umma tana da 'yar gaskiya. Af, idan ka ga an rubuta wata da shekara kawai, kamar 06/2026, a al'ada ana nufin har ƙarshen watan ne.

Tsoron guba kuwa yana da nasa tushen. A 1963 likitoci a Amurka suka ba da rahoton wasu marasa lafiya da ƙodarsu ta taɓu bayan sun sha tsohon tetrasaikilin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, da ya lalace. Labarin ya shiga littattafan koyar da likitoci ya zauna daram, ko da yake an daɗe da sauya yadda ake haɗa wannan maganin. Amma irin wannan, inda tsufa ke mayar da magani abin cutarwa, ba shi da yawa a tarihi. Manyan masifun da muka gani a ƙasar nan, kamar yara 109 da suka rasu a Jos da Ibadan a 1990 sanadin ruwan farasitamol, da wasu 84 a 2008 zuwa 2009 sanadin maganin haƙorin yara, ba wa'adi ne ya jawo su ba. Sinadari mai guba ne ya shiga tun wajen haɗawa. Illar tsohon magani ta fi zuwa a ɓoye: ka sha, ka kwanta da zaton ka yi magani, ciwo kuwa yana ta cin karensa babu babbaka.

Waɗanda suka fara tambayar ko ana asarar magani mai kyau a banza sojoji ne. Rundunar Amurka tana tara magunguna jibgi guda saboda shirin ko-ta-kwana, kuma duk bayan 'yan shekaru sai a kwashe a zubar a sayo sabo. Asarar kuɗin ta ishe su. A 1986 ma'aikatar tsaronsu da FDA suka kafa wani shiri na gwada magungunan da wa'adinsu ya zo ƙarshe, wanda ya ci jarrabawa a ƙara masa lokaci. Sakamakon da aka wallafa a 2006 ya ƙunshi magunguna iri 122, rukuni 3,005 (rukuni shi ne kason da kamfani ya haɗa a karo ɗaya). Kashi 88 cikin ɗari na rukunan sun samu ƙarin aƙalla shekara guda, kuma matsakaicin ƙarin ya kai wata 66, wato shekara biyar da rabi. A 2012 kuma wani masani a Kalifoniya, Lee Cantrell, da abokan aikinsa suka gwada wasu magunguna da aka tsinta a rufe a wani kantin magani, shekara 28 zuwa 40 bayan wa'adinsu. Cikin sinadarai 14, guda 12 suna nan da kashi 90 ko fiye na ƙarfinsu. Asfirin na cikin biyun da suka fāɗi.

Waɗannan alƙaluman su ne ke yawo a WhatsApp, ana cewa ai Turawa da kansu sun tona asiri. Sai dai masu turawa sukan yanke wutsiyar labarin. Maganin sojojin nan a rufe yake ruf cikin mazubinsa, a rumbun da ake kula da zafinsa dare da rana, kuma ba a ƙara wa kowane rukuni ko kwana ɗaya sai da aka kai shi ɗakin gwaji. Binciken ya ma nuna cewa magani iri ɗaya, wani rukunin ya daɗe, wani ya gaza da wuri. Gwangwanin Umma ba shi da ɗakin gwaji, kuma zaune yake taƙi biyu ƙasa da silin, ƙarƙashin rufin kwano.

A namu ɓangaren, batun wa'adi ya shigo ne tare da yaƙi da jabun magani. An kafa NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa, da doka ta 15 ta 1993, amma mutanen gari ba su san da zamanta sosai ba sai zamanin shugabancin marigayiya Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, lokacin da aka riƙa nuna tulin jabu da waɗanda suka ƙare ana cinna musu wuta, ana kuma naci a rediyo cewa a duba lambar hukuma da kwanan wata kafin a biya. Wannan nacin ya yi aiki. Yau har 'yar aike takan juya kwali ta duba. Ƙasashe masu tasowa kuma sun daɗe suna zama juji na maganin da ya kusa ƙarewa da sunan taimako. Bayan yaƙin Bosniya an ƙiyasta tan 17,000 na magungunan agaji marasa amfani da aka bar su da su, kuma a 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa maganin kyauta ya iso da sauran aƙalla shekara guda. Mu ma mun ɗanɗana: a Disambar 2021 an lalata allurar rigakafin korona 1,066,214 a Abuja, saboda sun iso da ɗan guntun wa'adi suka ƙare kafin a yi wa mutane.

Amma a ganina, duk gardamar nan ta ko magani yana aiki bayan ranarsa, tambayar mutanen ƙasar sanyi ce. Tamu ita ce: ya ma kai ranar da ransa? Juya kwalin da ke hannunka. Mafi yawa an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, wasu ma 25. Lamunin kamfani a kan wannan sharaɗin yake rataye. To a Kano, watan Afrilu zafin inuwa kan haura 40, balle cikin shagon kwantena da azahar, ko but ɗin mota, ko faranti a kan mai talla da ke zagaya tasha rana na dukan kaya tun hantsi. Zafi yana gaggauta lalacewar sinadari. Idan damina ta kankama kuma laima ta karɓi aiki, ka ga ƙwaya ta yi laushi, kafso ya manne da ɗan'uwansa. Hunturu ne kaɗai ke ɗaga wa magani ƙafa. Saboda haka kati yana iya nuna saura shekara guda alhali abin da ke ciki ya riga ya tsufa.

Misalin da ya fi tayar min da hankali shi ne oksitosin, allurar da ake yi wa mai haihuwa don tsayar da zubar jini. Wurinta firij, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan samfuran da aka tattaro daga sassan Najeriya ya gano kusan uku cikin huɗu ba su kai ƙarfin da ya kamata ba, kuma ana ganin rashin sanyi a hanya da wurin ajiya na cikin manyan dalilai. Ungozoma ta duba kwanan wata, ta ga lafiya lau, ta yi allura, jini bai tsaya ba. Ga halin wutarmu kowa ya sani.

Wannan na cikin hujjojin da hukumomi suka kafa wajen tayar da dillalan magani daga Sabon Gari. Shekara da shekaru nan ce cibiyar da ke ciyar da kemis-kemis na Arewa har da maƙwabta, kaya jibge a lunguna da saman bene. A Fabrairun 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya, NAFDAC da hukumar kula da harkar haɗa magunguna suka rufe shaguna fiye da dubu, aka ce kowa ya koma cibiyar Kanawa da ke Dangwauro a kan titin Zariya. 'Yan kasuwa sun koka da tsadar shaguna da nisa, kuma kukansu ba na banza ba ne. Amma ko ba komai, tara su wuri ɗaya yana sauƙaƙa sanin inda kwali ya fito da inda ya kwana. Yana kuma rage wa masu mugun wayo fili, waɗanda ke goge tsohuwar rana da sinadari su buga sabuwa. A farkon 2025 jami'ai sun bankaɗo irin wannan aika-aika a Aba. Wanda ya sayi irin wannan, duk duba kwanan watan da zai yi aikin baban giwa ne.

Sai kuma almakashi. Tsaya minti goma a kemis ɗin unguwa bayan magariba. Mutum zai zo ya ce, "Malam, jikina ne duk ba daɗi, a haɗa min na ɗari biyar." Mai kemis ya janyo kati huɗu, ƙyas-ƙyas, biyu daga nan, ɗaya daga can, ya zuba a 'yar farar leda. Kwanan wata a gefe guda na katin ake buga shi, don haka guntun da ka tafi da shi gida ba rana, wani lokacin ko suna babu. Ba lallai mai shagon yana da wata manufa ba, talauci ne ya sa ake sayen magani kamar ana sayen magi. Amma duk abin da aka gina tun 1979, almakashin nan ya datse shi.

Magunguna kuma ba ɗaya suke ba. Busasshiyar ƙwaya da ke rufe cikin katinta ta fi juriya, mai ruwa ta fi saurin lalacewa. Idan farasitamol ya ɗan rage ƙarfi, iyaka ciwon kai ya ƙi sauka. Amma akwai waɗanda rai ke rataye a kansu, ba a caca da su: insulin na masu ciwon suga, ƙwayar da masu ciwon zuciya ke sawa ƙarƙashin harshe, maganin farfaɗiya, abin shaƙa na masu asma, maganin zazzaɓin cizon sauro, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda rauninsu ke koya wa cuta taurin kai. Akwai kuma agogo na biyu da ke fara bugawa ranar da aka buɗe, ko da kwalin ya ce saura shekara biyu. Garin amoksisilin na yara da aka zuba wa ruwa ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu. Yawancin ɗigon ido mako huɗu ne bayan buɗewa, don ƙwayoyin cuta kan shiga kwalbar. Kwalbar insulin da aka fara amfani da ita ma galibi kimanin kwana 28 ce. Asfirin shi kam yana da kirki, in ya lalace yakan yi warin tsami kamar khal. Sauran galibi ba sa faɗa.

Da Umma dai sulhu muka yi. Ɗigon idon da maganin tarin na fitar, kafso ukun nan marasa suna ma suka bi su, na yayyaga kwalayen kada 'yan jari-bola su tsinta a sake cika su. Farasitamol ɗin ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan taɓa mata ba. Na ce to, amma gwangwanin ya sauko daga kan wadirob. Yanzu yana cikin durowar ƙasa ta ɗakin da rana ba ta bugu, ta kuma sa an yi mata kwaɗo saboda jikoki.